Shunayyar Mai Kujeru

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene shanyar kaya tana faɗa da duk wanda ya ce ta huta. Baba kuma likita ya hana shi sukari, sai ya koma ɓoye shi a aljihun wata riga, kuma kowa a gidan ya san rigar. Inna ta ce in tuna miki mahaifiyarki 'yar kawunta ce, ɗaki ɗaya suka tashi, don kada ki ce ba ki san mai rubutun ba. Ni ne dai Ashana. Ke kika laƙa mini sunan tun ina ɗan tsito, wai ana ƙyasta ni nake kamawa, ga shi ya bi ni har gemu.

Da na kira ki a waya ba abin da na ji sai ƙarar injin maɗaba'arku da muryarki kina cewa in rubuto. To ga shi na rubuto, direban motar safa zai kawo miki.

Na bar aiki a wurin Mai Situdiyo. Cewa ya yi in daina ɗaukar ɗanyen hoto, wai yana cinye masa wuri a kwamfuta. Na ce masa kansa ne ba shi da wuri. Na ajiye masa makullinsa a kan tebur na fito, kuma ko da rarrafe aka ce in koma ba zan koma ba. Na san kin san mene ne ɗanyen hoto, amma ki bar ni in faɗa, don a gidan nan ba mai saurarona. Kyamara tana iya dafa maka hoto da kanta, ta zuba gishirin da ta ga dama, ta zubar da sauran kayan miya. Tana kuma iya miƙo maka komai ɗanye yadda haske ya shigo mata, kai ka dafa da hannunka. Wanda ya saba da na farko, kamar tsohon maigidana, gani yake na biyun wahala ce.

Yanzu ga babban labari. Mai Kujeru na ƙarshen layinmu ya bunƙasa, zai buɗe babban shago a bakin titi, kuma yana son littafin hotunan kujerunsa wanda mai saye zai duba ya zaɓi launi. Ya ce da ni a gaban ma'aikatansa: "In launin littafi ya fito daidai da launin yadi, kai ne mai hotona daga yau. In bai fito ba, in kira tsohon maigidanka." Yaya, ban yi barcin kirki ba tun daga ranar, don murna. Amma akwai wani karammiski shunayya da ya fi ji da shi, shi za a sa a bangon littafin. Kyamara ta tsane shi. Duk yadda na ɗauka, shuɗi take mayar da shi kamar rigar 'yan makaranta. Ga ƙyallensa nan na saka miki a ambulan.

Manhaja uku nake dubawa don gyaran ɗanyen. Ta farko mai gidan haya ce, duk wata sai ka biya, ranar da ka kasa ta kulle ƙofa da kayanka a ciki. Ta biyu tare da kyamarar ta zo, mutuniyar kirki, amma in ka taɓa abu ɗaya sai ka yi wanka ka dawo kafin ta nuna maka. Ta uku kyauta ce, wasu 'yan sa-kai suka haɗa ta, maɓallanta kamar gaban matuƙin jirgin sama, shi ya sa na sa mata suna Jirgi. Na karance littafin bayaninta kaf, da ƙamus a cinyata.

Wacce zan ɗauka? Kuma za ki buga mini littafin?

Ƙanenki,
Ashana

*

Ashana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ƙaramin da haƙori ya sa gaba, ya hana kowa sakat. Ka gaishe da Inna, ka ce mata ban manta da kowa ba, balle yaron da ya taɓa cizona don na ce ba shi ya zo na ɗaya ba.

Batun barin aikinka ba zan ce komai ba, don na san kafin in gama jimla ka riga ka shirya amsa uku.

Zan buga. Na yi magana da manaja, ya ba ni rana a kan babban inji kafin buɗe shagon. Ka sani layi ake bi, wanda ya rasa ranarsa sai ya koma baya, kuma bayan da nisa. Dogo ne zai ja aikin, shi ke riƙe da injin tun kafin a ɗauke ni aiki.

Manhaja kuwa, ba ruwana da wadda ka zaɓa. Injinmu bai san sunan kowa ba, abin da ka ba shi yake tofo maka. Ka dafa a can, ka aiko mini dafaffe a katin mamori, kada ka aiko mini ɗanye. Kuma kada ka yarda da allon kwamfutarka, duk allo maƙaryaci ne, wani dai ya fi wani iya ƙarya. Aiko da rabin aikin tukuna, in yi bugun gwaji, in ɗora ƙyallen a kai mu ga wa ya faɗi gaskiya.

Yadin yana da kyau. Dogo ya juya shi a hannu ya ce Allah ya ba ka haƙuri. Na ce masa ai kuwa ya roƙa maka abin da ba ka da shi.

Yayarka

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Allah ya sa haƙorin ya fito, ya bar ku ku huta. Inna lafiya. Baba an kama shi, rigar ta tara tururuwa.

Jirgi na ɗauka, kuma Yaya, ta tashi da ni.

Bari in fara da wurin aikin. Kin san irin wuraren nan: warin gam, ƙurar katako, soso jibge har rufi, ga ƙarar bindigar ƙusa ba tsayawa. Fitilunsu irin masu tsawon nan ne da ke mayar da mutum kamar wanda ya kwana asibiti. Na ce ba zan ɗauki ko ƙafar kujera a ƙarƙashinsu ba. Na sa aka buɗe babbar ƙofar baya, inda hasken safe ke shigowa a kwance, muka rataya farin yadi, muka riƙa jan kujeru ɗaya bayan ɗaya. Babban kafintansu, wanda suke kira Baban Soso, sai ƙunƙuni yake yi, wai shi tun da yake bai taɓa ganin kujera ta fi amarya yanga ba. Na ce masa ai kujerarsa ta fi shi kyau, shi ya sa ba shi na zo ɗauka ba. Ya yi dariya har da tari, yanzu shi ke riƙe mini katin toka. Katin nan nake fara ɗauka a kowane haske, don in nuna wa manhaja abin da ba ja ba shuɗi, ta auna sauran daga nan.

Ruwan ƙasa, kore, baƙi, ruwan madara, duk sun ba ni haɗin kai. Shunayya ce ta ce sai mun gwada ƙarfi. In na ƙara ja, katakon hannun kujerar ya zama kamar an shafa masa jan baki. In na rage, mu koma rigar makaranta. Na zage ta, na zagi kyamara, na zagi wanda ya rina yadin da wanda ya sayo shi. Sai na koma littafin bayani, wani babi da na wuce da sauri don ya cika lissafi. Ashe can ciki akwai wurin da za ka kama launi ɗaya tak ka murɗa shi, sauran ba su motsa ba. Na kama shuɗin nan ta wuya na riƙa murɗawa a hankali, ƙyallen da na rage wa kaina a hannun hagu, ido a allo. Yaya, a gabana ya juya. Ihun da na yi sai da Inna ta shigo da muciya, ta zaci wutar lantarki ce ta kama ni.

Na adana haɗin gaba ɗaya, na sa masa suna Shunayyar Gaskiya. Yanzu duk hoton da na ɗora masa shi, danna ɗaya ya wadatar. Abin da ya fi burge ni, manhajar ba ta taɓa ɗanyen. Gyaranka a gefe take rubuta shi, ɗanyen yana nan yadda ya fito daga kyamara ko shekara nawa za a yi. Ki gaya mini, wane mahaluki ne zai san wannan ya ce wai yana cinye wuri?

Af, na haɗu da shi ma, Mai Situdiyo, a bakin shagon mai gyaran waya. Ya ce: "Injiniya, an ce kujeru kake ɗauka yanzu. Ka yi dabara, su ba sa mayar da magana." Na ce: "Kuma ba sa cewa a goge musu tumbi." Ya ja rigarsa ƙasa ya wuce.

Ga rabin farko a mamori, ƙananan kujeru duka, har da shunayya guda. Rabi na biyu manyan ne da hoton bango. Ki yi sauri don Allah, zama ya gagare ni.

Ashana

*

Ashana,

Gaisuwa. Haƙori ya fito, guda biyu ma, kuma a yatsana ya fara gwada su. Jininku ne.

Mun yi gwaji. Dogo ya ciro takardar da ɗuminta ya kai ƙarƙashin fitilar duba launi, na ɗora ƙyallen a kan kujerar. Na kira manaja na ce ya nuna mini inda yadi ya ƙare takarda ta fara. Sai da ya sa yatsa ya shafa. Dogo dai ya cire tabarau ya goge ya mayar, wanda a wurinsa wannan kirari ne.

Ban cika yabon mutum ba, kai ma ka sani, don haka ka karanta wannan sau ɗaya ka ninke: ka iya.

Ga takardar gwajin nan na haɗo maka, ka nuna wa Mai Kujeru in kana so. Ƙyallen yana wurina. Ranarmu a kan inji tana nan, ka aiko da sauran da wuri, don in sami sararin yin gwaji kafin babban bugu.

Ka ce wa Baba in ya ga dama ya canza riga, tururuwa ba sa mantuwa.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Sau ɗaya kika ce in karanta, ban ji maganarki ba, har Inna ta haddace.

Na kai wa Mai Kujeru takardar. Ya fita da ita waje, ya dawo ciki, ya sake fita. Ya ce: "Yaro, kada ka sa in fara sonka." Baban Soso ya ce shi dama ya san katin da ya riƙe ne ya yi aikin.

Mun gama manyan. Doguwar shunayya ta bango sai da mutum huɗu suka ɗago ta zuwa ƙofa, kuma hasken ranar ya yi mana biyayya kamar an roƙe shi. Idan kika ga yadda gashin karammiskin ya kwanta a hannunta, sai kin ji kamar ki zauna a kan takarda.

Ga wani daɗin kuma. Mutanen Jirgi sun fitar da sabon zubi. Ina buɗe ta ta ce mini akwai sabo, ina so? Wa zai ce a'a? Yaya, gudu take yi yanzu. Abin da a da sai na miƙe na sha ruwa kafin ya fito, yanzu ƙiftawa ɗaya. Tana share ɗigo-ɗigon da ke fitowa a inuwa ba tare da ta cinye zaren yadi ba. Mutanen nan ba su san ni ba, ba su taɓa cin ko ƙwayar gyadata ba, suna zaune a ƙasashensu suna gyara mini kayan aiki. Mai Situdiyo kuwa yana nan da manhajar sata wadda tun zamanin kakarsa ba a sabunta ba.

Na ɗora wa manyan Shunayyar Gaskiya, danna ɗaya kamar yadda na gaya miki, na fitar da su. Ga su nan a mamori. Ba sai kin wahalar da Dogo da gwaji ba ma, haɗi ɗaya ne da na farko. Amma ki yi yadda kika saba.

Na fara tunanin irin kujerar da zan sa a ofishina. Ba shunayya ba dai, na gaji da ita.

Ashana

*

Ashana,

Gaisuwa ga kowa. A tsaye nake rubutu, direba yana jira.

Mun yi gwajin rabi na biyu. Bai dace da na farko ba. Doguwar kujerar bango ta karkata zuwa shuɗi. Ba rigar makaranta ba, amma in ka ɗora ƙyallen, daga bakin ƙofa za ka gan shi. Ƙaramar da babbar yadi ɗaya ne, a littafi za su fito kamar ba su san juna ba. Mun sake bugawa, haka ya sake fitowa. Ga takardar.

Me ka canza?

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa.

Me na canza? Tambayar ke nan? Mutum ya kwashe makonni yana cin ƙurar katako, ya karanta littafin da ko masu digiri gudunsa suke yi, sai a aiko masa da layi ɗaya kamar yaron da ya fasa kofi. Ban canza komai ba. Kyamara ɗaya, ƙofa ɗaya, kati ɗaya, haɗi ɗaya da sunansa. Na duba a allona, shunayya ce garau.

Ku me kuka canza? Wannan ba wanda ya tambaya. Inji yana shan tawada kala-kala, yau wannan kamfani gobe wancan. Takarda tana shan danshi. Shi Dogon naku da ke goge tabarau, ko an duba tabarau ɗin? Mutum ya tsufa a kan inji har ya zaci shi da injin abu ɗaya ne, ba mai iya ce masa ya karkace. Na san irinsu, na yi aiki a ƙarƙashin ɗaya. In abu ya yi kyau su ne, in ya lalace yaro ne.

Ku wanke injinku ku sake gwadawa. Ni ba zan je gaban Mai Kujeru in ce masa 'yar'uwata ta kasa ba, kuma ba zan tsaya Mai Situdiyo ya zo ya ɗauki aikin nan da kyamarar da ke dafa masa shuɗi ba. In kin ga ba za ku iya ba, ki faɗa mini tun yanzu in nemi wata maɗaba'a.

Ashana

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa shirun. Direba ya je ya dawo har sau biyu hannu wofi, na biyun ma dariya ya yi mini. Na kira, ba kya ɗauka. Inna ta tambaye ni me na rubuta miki, na ce gaisuwa. Ta ce ta san irin gaisuwata.

Ki zauna ki ji abin da ya faru. Da shirun ya ishe ni, na ce bari in haɗa miki hujja. Na buɗe ƙaramar shunayya ta rabin farko, wadda ban taɓa ba tun da na sabunta Jirgi, don in jera ta da babbar in ɗauki hoton allo in aiko miki. Sai wani ɗan akwati ya fito da rubutu. Ni da na karanta littafi guda da ƙamus, layi uku ban karanta ba, don raina a ɓace yake. Na danna eh. Yaya, ina kallo ƙaramar kujerar ta zame zuwa shuɗi, a hankali, kamar tana yi mini gwalo.

Sai a lokacin na je na karanta bayanin sabon zubin. Sun canza yadda manhajar ke fassara launi tun daga tushe. Haɗina sunansa bai canza ba, lambobinsa ba su canza ba, amma ƙasar da yake tsaye a kai an sauya ta. Allona kuma bai nuna mini bambancin ba sai da abin ya motsa a idona. Akwatin nan tambayata yake yi ko in mayar da duk tsofaffin gyare-gyarena sabon tsari. Duka. Na mayar.

Na sauko da tsohon zubin daga shafinsu, Allah ya saka musu, ba sa zubar da tsoho. Ya ƙi karanta gyaran da sabon ya taɓa. Shunayyar Gaskiya ta tafi. Amma ɗanyen yana nan, ko ƙwarzane babu. Kuma dafaffun rabin farko da na aiko miki ina da kwafinsu. Sai na buɗe dafaffen a gefe, na daina kallon launi da ido, na koma karanta lambobinsa, a haske nawa, a inuwa nawa, a lanƙwasar hannu nawa. Na sake gina haɗin daga farko har lambobin babbar suka zauna a kan na ƙaramar. Na sake dafa rabi na biyu gaba ɗaya a tsohon zubi. Ga shi a mamori.

Mai Kujeru ya tare ni jiya ya ce ina littafi, an fara fentin shago. Mai Situdiyo yana tsaye a gefensa, wai ya zo duba kujerar ofis. Ya ce: "Ɗanye ai sai a hankali, Alhaji, bai nuna ba tukuna." Amsa ta zo mini har haƙori, mai kyau kuwa. Na haɗiye ta.

Injinku lafiyarsa ƙalau. Tabarau ɗin Dogo ma. Ban san ko ranarmu tana nan ba, ban kuma san ko kina son ganin rubutuna ba. In ta wuce, ki gaya mini in je in faɗa wa mutumin da bakina.

Ƙanenki,
Ashana

*

Ashana,

Muna lafiya. Shirun na lafiya ne, na ga wuta tana ci ne na ce bari ta cinye itacenta.

Wasiƙarka ta fushi a kan teburin duba launi na buɗe ta, Dogo yana gefena, kuma tabarau ɗinsa suna gani sarai. Ya karanta har ƙasa. Ya ce yaron yana da hannu, saura baki.

Ranarmu ta wuce, an ba masu kalanda. Na je wurin manaja ya ce ba shi da wata. Dogo ne ya ce a ba shi ranar hutunsa, zai zo ya kunna inji. Na tambaye shi don me, ya ce yana son ya ga ƙarshen shunayyar nan, ta shiga ransa.

Gwaji ya yi. Na ɗora ƙyallen a kan babbar, na ɗora a kan ƙaramar, ya ɓace a duka biyun. An buga, an ɗinke, kwalaye suna hannun direba.

Abu biyu. Ba a sauya wa inji ko ƙusa ana tsakiyar aiki, mu nan sai an sauke bugu ake taɓa shi. Taka manhajar ma inji ce. Na biyu, akwai wanda za ka rubuta wa wasiƙa, kuma ba ni ba ce. Ka fara da gaisuwa, ka tsaya a nan in ka ga za ka zarce.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, Inna tana gaishe ki tana sa miki albarka har da ta yara. Ga wasiƙu biyu a ambulan, ƙaramar ta Baba Dogo ce. Sau huɗu na sake ta, kada ki buɗe.

Na kai kwalayen da kaina. Mai Kujeru ya yanke igiya, ya zaro ɗaya, ya shinshina, ya nufi doguwar kujerar da ke tsakiyar sabon shago ya kwantar da littafin a kanta. Ma'aikata suka bar aiki suka zagaye mu. Ya ja da baya. Ya matso. Ya sa aka kashe fitila, ya sa aka kunna. Can ya ce: "Baban Soso, ina littafin ya shiga?" Wurin ya kaure da dariya, ni ma na yi, da ƙyar.

Ina cikin karɓar hannu sai Mai Kujeru ya ce in biyo shi sito. Ya nuna mini wani sabon bandir da aka sauke da safe, ya yaye ledar. Yaya, shunayya ce, amma ba ita ba ce. Ta fi waccan ja. Ya ce tsohon yadin ya ƙare a kamfani, wanda ke jikin kujerun nan shi ne na ƙarshe, daga yanzu wannan za a riƙa kawowa. Duk abin da na haɗiye a watan nan ya taso mini lokaci ɗaya, na buɗe baki, sai ya riga ni. Ya ce: "Haka suke yi mini, kowane zuwa da irin rininsu. Shi ya sa ba mai hoton rana ɗaya nake nema ba. Ga ɗaki can kusa da ƙofar baya, ka sa a share maka. Duk ranar da aka sauke yadi, kai za ka fara ganinsa kafin almakashi."

Na rufe bakina. Baban Soso ya ce a rubuta ranar a bango.

Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya, amma tagar tana kallon inda ya kamata. Na kai kwamfuta, na cire ta daga intanet, na ajiye kwafin tsohon zubin a wuri biyu. Sabon zubin zan koye shi a tsohuwar kwamfutar Baba, tsakanin aiki da aiki, don gaskiya gudunsa yana raina.

Ga ƙyallen sabon yadin nan. Shafi huɗu ne kawai da bango za a sake. Ki nuna wa Baba Dogo bayan ya karanta wasiƙarsa, ba kafin ba, kuma ki gaya mini ko ya cire tabarau.

Ƙanenki,
Ashana, mai hoton Mai Kujeru